Ranar da Minti-Biyu Ya Ƙara wa Inna Girman Rubutu

Mijin Auta ba ya gyara abu, sai dai ya "daidaita" shi, kuma duk abin da zai daidaita a duniyar nan aikin minti biyu ne. Shi ya sa muke kiransa Minti-Biyu, yana kuwa amsawa da fara'a don a zatonsa yabo ne. Fankar shagonmu da ya daidaita bara har yau da baya take juyawa, rufi yana shan iska mu muna zufa a ƙasa. Ni da na shekara ashirin da ɗaya ina guga a wannan shagon wanki, da na hango shi da jakar kayan gyaran nan tasa a kafaɗa, sai in tura dutsen guga ƙarƙashin tebur.

Shagon na surukarsa ne, Inna. Ita ke zama a teburin gaba tun kafin a haifi Auta, ita ke karɓar kaya, ita ke miƙa su. A gefenta akwai wata tsohuwar kwamfuta da marigayi Baba ya haɗa da hannunsa, irin mai Linux ɗin nan, ba hoto ba ado, baƙin allo ne da fararen haruffa. Kowane layi mutum ɗaya ne: sunansa, kayansa, can ƙarshen layin kuma lambar gurbin da ƙunshinsa yake a kanta. Muna naɗe kaya a takarda mu rufe, don haka lambar nan ita ce komai.

Matsalar ita ce idon Inna ya fara gajiya, ta kuma ɓoye wa kowa. Watan jiya sau biyu tana ba mutum ƙunshin wani. Babban ɗanta, wanda duk muke kira Yaya Babba, ya ɗauka tsufa ne ya taɓa mata tunani. Ya ce saura kuskure ɗaya ta koma gida ta huta, ya nemo wata ya zaunar a kujerar. Ya kuma ce ranar Laraba zai ɗauki hutu a wurin aiki ya zo ya zauna ya gani da idonsa. Wanda ya san Inna ya san raba ta da kujerar nan raba ta da rai ne. Sai ta raɗa wa Auta gaskiyar magana, Auta kuma, Allah Ya shirye ta, ta raɗa wa mijinta.

Ƙarfe takwas na safiyar Laraba sai ga shi.

"Inna! An ce rubutu ya yi miki ƙanana!"

"Rage murya, ɗan nan, titi yana ji."

"Titi ya ji mana, yau zai ga aiki. Zan mayar miki da haruffan nan yadda daga tsallake ma za a karanta. Zan sa launi. Zan faɗaɗa allon. Allah Ya jiƙan Baba, ya yi ƙoƙari irin na zamaninsa, amma ilimi ya wuce nan."

Surukin kirki ko ido ba ya haɗawa da surukarsa. Namu ya ja kujerarta ya zauna, ya ce ta faɗa masa kalmar sirrin injin. Ta faɗa masa a kunne, sannan ta riƙe hannun rigarsa.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Maganar idona kada Yayanku ya ji."

"Haba Inna. Cikina rijiya ce."

Ya ɗora wayarsa a jikin madannai, yana kwafo umarni daga wani shafi da yatsa ɗaya. Ya ce launi zai fara sawa, rawaya a kan shuɗi, don shi ne launin da manyan ma'aikatu ke amfani da shi. Ya danna. Allon ya yi baƙi ƙirin, ko ɗigo babu.

"Ta mutu?" in ji Inna.

"Hutawa take."

Na ce, "Ƙarfe takwas da kwata? Wane aiki ta yi?"

"Kai dai ka ji da gawayinka, mai guga."

"Na lantarki ne."

"To ka ji da shi."

Ashe baƙin rubutu ya sa a kan baƙin allo. Mai askin da ke maƙwabtaka da mu ya ji hayaniya ya leƙo da almakashi a hannu, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a kujera. Da aka yi masa bayani sai ya koma ya ɗauko tocila, ya haska allon, ya manna ido yana neman haruffan. Minti-Biyu bai hana shi ba, har cewa ya yi ya ɗan karkato hasken ta hagu. Haka ya yi ta rubutu a makance kusan rabin sa'a, yana gogewa ba tare da ya ga abin da yake gogewa ba, har Allah Ya taimaka haruffa suka dawo. Jajaye ne wur, amma sun dawo.

"Kun gani? Launi ya zauna. Saura faɗaɗawa."

Wayar ta nuna masa wani fayil da ake rubuta lamba guda a ciki. Bai tsaya karanta aikin lambar ba, ya rubuta ɗaya. Rubutun gaba ɗaya ya kwanta a gefe, layuka suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Mai aski ya karkata kai. Inna ta dafe ƙirji.

"Mataki na farko ke nan," in ji Minti-Biyu. Ya rubuta biyu. Rubutun ya koma kai ƙasa ƙafa sama.

Mai aski ya ce, "Wannan kam sai an rataye mai karatu a fanka."

Ya rubuta uku, rubutun ya kwanta ta ɗaya gefen. Ya rubuta huɗu, injin ya ƙi kula shi. Ya rubuta biyar, shida, har goma sha biyu, zufa tana ɗiga daga haɓarsa a kan madannai. Lokacin nan kafintan layinmu ya shigo karɓar rigar aikinsa, ya tsaya ya kalli abin na ɗan lokaci, fensir a bayan kunne.

"Ka gwada sifili mana. Tunda ɗaya ya kwantar da shi, wataƙila kafin ɗaya a tsaye yake."

Minti-Biyu ya juyo a hankali ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam kafinta, sifili ba komai ba ce. Ka taɓa ganin an ba inji ba-komai ya yi aiki? Kai in aka ce ka buga ƙusa sifili, me za ka buga?"

"Ni dai shawara na bayar."

"A katako za a nemi shawararka."

Daga baya wata malamar kwamfuta mai kawo mana labule ta tabbatar mana sifilin ce amsa. Amma a ranar wa ya isa ya yi musu da mai waya a hannu?

Ƙarfe goma ta wuce, Yaya Babba kuma sha biyu zai zo. Sai Minti-Biyu ya miƙe ya tafa hannu, ya ce dama can haka sabon tsari yake: rubutu ya kwanta, allo ne zai bi shi. Ya mayar da lambar ɗaya, ya kuma sa kafintan nan da ya gama zaginsa ya ɗauko katako biyu da noti huɗu. Suka cire allon daga mazauninsa, suka juya shi a tsaye, suka ɗaure a bango tamau. Kafinta ya jijjiga shi ya ce ko jikokin Inna ba za su cire shi ba. Rubutu ya miƙe, sai dai allon da yake da faɗi ya koma dogo siriri.

Sannan aka zo kan abin da ya kawo shi tun farko. Ya loda wasu manyan haruffa, ninki biyu na na da. A nan kam ba zan yi masa ƙarya ba, abin ya yi. Inna ta matso, ta zauna, ta ɗaga kai, sai muka ji ta karanta suna ɗaya da ƙarfi, sannan na biyu, sannan na uku. Ta kai bakin mayafi ido ta ce ƙurar sitati ce, alhali ban taɓa sitati ba tun safe. Wallahi ni kaina abin ya taɓa ni, don na san shekara guda ke nan tana aikin nan da ka.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan."

"Amin Inna. Ƙaramin abu ne a wurina."

Ni dai da na leƙa sai na ga wani abu bai yi mini ba. Haruffa sun yi girma, allo ya tsuke, layi ɗaya ba ya shiga gaba ɗaya. Kowane layi ya karye biyu, lambar gurbin da take ƙarshe ta faɗo ƙasa, ta zauna daidai saman sunan mutum na gaba.

Na ce, "Da can lamba bayan suna take. Yanzu ga ta a sama. Kuma na farkon can ba shi da lamba a samansa."

"Sabon tsari lamba yake fara kawowa. Na farko kuwa kan layi ne, shugaba ba ya buƙatar lamba."

"Anya?"

"Mai guga, na taɓa zuwa na ce maka ga yadda ake karya wando?"

Na koma kan guga. Na yi kuskure da ban matsa ba, kuma har yau yana ci mini rai.

Sha biyu daidai Yaya Babba ya iso, ya gaida Inna, ya ja benci ya zauna, ya harɗe hannu. Ya tambayi dalilin rataye allo a bango. Minti-Biyu ya ce zamani ne, ya kuma shiga yi masa lacca a kan haruffa masu faɗin takwas da masu faɗin sha shida, har Yaya Babba ya ce ya isa.

Lokacin hutun rana ne, masu karɓar kaya suka yi ta shigowa. Inna kuwa ta samu abin da take so. Mutum ya faɗi suna, ta ɗaga kai, ta karanta lambar da ke samansa da ƙarfi don ɗanta ya ji, ta miƙa hannu kanta ta zaro ƙunshi. Da can takan ɗan matsa ƙunshin ta ji ko ya yi kama da kayan mai shi. Ranar nan ba ta matsa ko ɗaya ba, don so take a ga da ido take aiki. Cikin sa'a guda ta sallami mutum goma sha huɗu. Yaya Babba ya warware hannu, har ya fara murmushi. Minti-Biyu yana bakin ƙofa yana tare masu wucewa, yana nuna musu allon daga titi, yana cewa duk mai kwamfuta a gida ya kawo.

Ƙarfe biyu saura, kocin 'yan ƙwallon unguwa ya fara dawowa. Ya zube labule shida masu fure a kan tebur.

"Inna, ƙarfe huɗu muke da wasa. Da wannan za su shiga fili?"

Bai rufe baki ba sai ga wata nas da jesi goma sha ɗaya a hannu, tana tambayar wanda ya ce mana ita ƙungiya ce. A bayanta wani lauya ne, ya riƙo farar rigar nas da yatsa biyu, yana cewa ƙarfe uku alƙali zai zauna. Na ƙarshensu wani ƙaton direban babbar mota, ya shigo sanye da baƙar rigar lauyan, tana jan ƙasa ta baya, ta ƙi haɗuwa ta gaba.

"Ni ba ƙorafi na kawo ba," in ji direban. "Tambaya na zo yi ko akwai hularta."

"Cire mini riga!" in ji lauya.

"A ƙunshina na same ta, ranka ya daɗe."

Kowa ƙunshin wanda ke samansa a layi aka ba shi. Kafin ka ce me, shago ya cika, mai aski ya dawo da sabon mai rabin kai, kafinta ya dawo, masu wucewar da Minti-Biyu ya tara da bakinsa suka tsaya a taga. Yaya Babba ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, kuma gara ma da ya ɗaga.

"Inna, ɗaya muka ce. Wannan goma sha huɗu ne. Ki ɗauko jakarki in kai ki gida."

Inna ta dubi allon, ta dubi labulen. Hannunta yana kan hannun kujerar, ta riƙe shi da ƙarfi.

Na ce, "Yaya Babba, a tambayi mai sabon tsari."

Minti-Biyu ya ce shi aikinsa a kan haruffa ya tsaya, lambobi ba sashensa ba ne. Da aka matsa ya ce cuta ce ta shiga injin. Da aka ƙara matsawa ya ce notin kafinta ne ya taɓa wani abu a ciki. Kafinta ya ciro guduma daga ɗamara, mai aski ya riƙe shi. Ana cikin haka lauya ya kama wuyan rigarsa a jikin direba yana ja, direba ya ja da baya, ƙafarsa ta kwashe wayar wuta daga soket. Allon ya mutu.

"Shi ke nan!" in ji Minti-Biyu, har da sauke ajiyar zuciya. "Ya lalata hujja. Ku shaida, direba ne."

Na durƙusa na mayar da wayar. Injin ya yi ƙugi ya tashi. Ashe duk aikin da ya kwashe safiya yana yi bai adana ko ɗaya ba, na wucin gadi ne. Komai ya dawo yadda Baba ya bar shi: ƙananan fararen haruffa, kowane layi cikakke. Sai dai allon yana nan a bango inda kafinta ya ɗaure shi, don haka rubutun ya sake kwanciya. Mutum wajen talatin, ciki da waje, kowa ya karkata kai gefen hagu lokaci guda.

Lauya ne ya fara karantawa, kunnensa a kafaɗa.

"Ga sunana. Ga rigata. Ga lamba ashirin da bakwai a ƙarshen layina. Inna, nawa kika karanta mini ɗazu?"

"Sha tara."

"Sha tara ta nas ce, ga ta nan a layin sama." Ya miƙe wuya ya juya ga Minti-Biyu. "Malam, wa ya karya layin?"

"Ba karyewa ya yi ba, lanƙwasa ya yi."

"Wa ya lanƙwasa shi?"

"Haruffa ne suka yi girma."

"Da kansu suka girma?"

"Ni na ƙara su, amma..."

"Wa ya ce lamba a saman suna take?"

Mai aski, kafinta da ni muka nuna shi tare. Direba ma ya nuna shi da hannun rigar lauya, ko da yake bai san zancen ba. Mutanen taga suka fashe da dariya. Minti-Biyu ya duba hagu ya duba dama, bai ga ƙofa ba, sai ya buɗe rijiyar tasa.

"To ni me ya kawo ni? Ba don Inna ba ta gani ba ne? Shekara guda ba ta ganin allon nan, ita ta ce in ɓoye wa Yaya!"

Dariya ta tsaya cak. Ban taɓa jin kunya a madadin wani irin ta lokacin nan ba. Har direba sai da ya cire rigar a hankali ya miƙa wa mai ita.

Inna ta miƙe tsaye.

"Gaskiya ya faɗa. Yau ce rana ta farko da ya yi abu daidai." Ta dubi ɗanta. "Idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Mai guga, kwance duk abin da suka dawo da shi, ka haɗa da na layin ƙasa na kanta, ka zube mini a nan."

Na zube kaya tuli a kan tebur, na cakuɗa. Ta rufe ido ruf, ta sa hannu. Ta ɗago wata riga ta shafa wuyanta ta ce ta mai gyaran agogo ce, maɓalli na uku ba irin sauran ba ne. Ta ɗago wando ta ce na direba ne, aljihun dama ta sa an ɗinke sau biyu saboda makullai. Ta ware jesin mai tsaron gida daga sauran da jin gwiwar hannu kawai. Ta kira masu kayan da ba su ma zo ba, ta faɗi wanda ba ya son sitati da wadda ke son a karya mata hannun riga ciki. Ba ta kuskure ko hankici ba. Koci ya kwashi jesinsa ya ruga, lauya ya duba agogo ya ruga, amma sai da ya tsaya a ƙofa ya rusuna mata.

Yaya Babba ya daɗe yana kallon tebur.

"Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaya? Kai ƙirga mini kuskure kake yi. Na ce in ka ji ido ne, ko ɗayan da ka bar mini ba za ka bari ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce gobe da safe zai kai ta wurin likitan ido, kuma kujera tata ce har ranar da ta ce ta gaji da kanta. Inna ba ta ce ta gode ba. Zama kawai ta yi, ta gyara mayafi.

Minti-Biyu ya yi gyaran murya ya ce in aka duba da kyau, shi ne ya haɗa kan uwa da ɗa. Inna ta ce madalla, saura ya haɗa kan ƙunshi goma da ke gidajen mutanen da ba su kwance nasu ba tukuna. Ta lissafa masa gidajen da ka, ta ce da ƙafa zai je, ya kuma faɗa wa kowa da bakinsa wanda ya yi aikin. Ya fita, mutanen taga suka dare masa hanya, yara da manya suna tambayarsa ko har yanzu a kawo kwamfutar.

Kafinta ya gwada kwance allon, noti ya ƙi, ya ce sai gobe in ya samo abin yanka ƙarfe. Ga kuma masu karɓar kaya na yamma sun fara layi. Sai Yaya Babba ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya ja benci kusa da bango, ya kwantar da kai a kafaɗa. Haka ya wuni har muka rufe, babban mutum da wuya a karkace, yana karanto suna da lamba, Inna tana kan kujerarta tana matsa kowane ƙunshi kafin ta miƙa, tana ce masa ya ɗaga murya.